Yoyon saman inji: ƙaramin ciwon da ke kashe akori-kura a ƙasar Yauri

Duk inda tsofaffin akori-kura ke kwana a ƙasar Yauri, ƙasar wurin baƙa ce. Haka abin yake a tashoshin Yelwa, haka a bakin kasuwar Wara, haka a mashigar Zamare inda motoci ke jiran kayan da jiragen ruwa ke saukowa da su daga ƙetaren Rofiya. Da mota ta ja baya za ka ga tabon baƙin mai daidai inda kanta ya kwana, wani sabo yana sheƙi, wani ya daɗe har ya haɗe da yashi ya daskare. Ba mai ɗaukar wannan a bakin komai. In ka yi wa direba magana amsar ɗaya ce, wai tsohuwar mota ba ta rasa zufa. Sai ya jawo galan daga bayan kujera, ya tsiyaya mata, ya mayar da bonet ya rufe.

Kaso mai yawa na man nan daga wuri guda yake fitowa, wato tsakanin kan inji da murfin da ke rufe da shi, inda aka shimfiɗa wata siririyar roba da kanikawa ke kira gaskit. A duk gyare-gyaren inji da wuya a sami wanda ya fi sauya ta sauƙi da araha. Ba a sauke inji, ba a taɓa giya, sifana biyu da tsumma da ɗan fetur sun wadatar. Amma kuma da wuya a sami gyaran da ake yi wa riƙon sakainar kashi kamarsa. Injin da aka sauke a gareji ana cewa ya buga, in aka bi sawun ciwon da kyau, sau da yawa daga wannan yoyon ya faro.

Sa'annin tafkin

A shekarar 1964 aka fara aikin madatsar ruwa ta Kainji, aka kammala a 1968. Ruwan da ya taru ya shanye tsohuwar Busa da gungaye da ƙauyukan bakin kogi masu yawa, aka tashi sama da mutum 40,000 aka sake musu matsuguni, cikinsu har da Gungawan masarautar Yauri da suka baro tsibiransu suka dawo tudu. A wannan shekara ta 1968 ce kamfanin Toyota ya fitar da Hilux ta farko a Japan, a cikinta kuma Peugeot ya fitar da 504 a Faransa. Ba wanda ya shirya haɗuwar, amma tafkin da motocin nan biyu tare suka taso, kuma har yau suna hidima wa juna.

Mutumin da a da kwale-kwale ke tsayawa a ƙofar gidansa ya wayi gari yana neman abin da zai kai masa buhu bakin titi. Babban titi kuwa guda ne, wanda ya taso daga Kwantagora ya ratsa Yelwa ya nufi Koko da Jega har Sakkwato. Da ka sauka daga kansa ka nufi ƙauyukan Shanga ko na Ngaski, mafi yawan hanyar jar ƙasa ce da yashi da kwazazzabai. Shi kansa bakin tafkin ba ya zama wuri ɗaya. Ruwan Neja sau biyu yake kawowa a nan: na damina mai laka, da wanda ke isowa cikin hunturu daga tsaunukan ƙasar Gini. In ya janye, manoma su bi shi da shuka, masunta su matsar da mashigarsu, mota kuma dole ta bi su cikin ƙasa mai taushi a giya ɗaya ko biyu, ɗauke da albasa ko shinkafa ko kwandunan bandar kifi, a sama kuma ga masu kayan zaune. Yanzu ga masu haƙar zinare a kewayen Birnin Yauri da masu haƙar ma'adinai a Libata sun ƙara mata aiki.

Motocin da ke wannan jigila ba yara ba ne. Kamfanin PAN ya fara haɗa Peugeot a Kakuri ta Kaduna a 1975, akori-kurar 404 ta yi zamaninta, ta 504 ta gaje ta, Najeriya kuma na cikin ƙasashen ƙarshe da suka ci gaba da haɗa 504 har cikin shekarun 2000. Hilux ɗin da ake gani a ƙauyuka yawanci sai da suka gama yi wa ma'aikatu da kamfanoni aiki, ko suka shigo ta Kwatano, kafin su faɗo hannun 'yan kasuwa. Wasu na ɗauke da injin fetur 22R mai lita 2.4 wanda ya fito a 1981, wasu injin gas 3L mai lita 2.8 ko 5L mai lita 3.0. Injuna ne masu haƙuri, kuma haƙurin nasu ne ya sa ake raina kukansu.

Abin da ke ƙarƙashin murfin

In aka ɗaga bonet, abin da ido ke fara gani a saman inji shi ne murfin nan mai bakin zuba mai, wanda a gareji ake ce wa tof-koba. Ƙarƙashinsa bawuloli suke, da 'yan ƙarafan da ke danna su suna buɗewa da rufewa sama da sau dubu a minti guda in mota na gudu. Famfon mai ke turo baƙin mai daga kaskon ƙasa har can sama, ya fantsama ko'ina, ya gangara ya koma ta ramukan da aka tanada. Aikin murfin biyu ne, ya hana mai fita, ya hana ƙura shiga. Tun da ƙarfe da ƙarfe ba sa haɗuwa su toshe ruf, sai aka sa gaskit tsakaninsu. A tsofaffin injuna akan yi ta da ɓawon wani itace da ya fi yawa a Fotugal da Sifaniya, a niƙa shi a matse, wani lokaci a cuɗa da roba. A na baya-bayan nan roba ce zalla da aka zuba daidai da siffar murfin.

Abin da ya kamata kowane direba ya riƙe shi ne, man da ke wurin nan ba da ƙarfi yake dukan gaskit ba, fantsama kawai yake yi. Saboda haka toshe shi ba ya bukatar ƙarfi. Yana bukatar fuska biyu masu tsabta, miƙaƙƙu, da roba mai laushi a tsakani.

Laushin nan ne zafi ke cinyewa. A watan Maris da Afrilu zafin Yelwa kan kai digiri 40, a ƙara da lodin da ya wuce ƙima, da lagireton da ya sha faci, da tafiyar hawainiya cikin yashi inda iska ba ta ratsa inji. Kullum roba ta gasu ta huce, ta gasu ta huce, har ta ƙame ta fara tsagewa. Ta ɓawo kuwa tsukewa take yi ta bar rata. Sannan duk lokacin da aka buɗe murfin don saita tafet, tsohuwar gaskit ɗin ake mayarwa, alhali ta riga ta ɗauki siffar kwanciyarta ta farko, ba za ta sake kwanciya daidai ba. Da mai ya fara tsattsafowa sai ƙurar hunturu ta manne masa, ta yi wa inji baƙin bargo mai riƙe zafi, mai kuma ɓoye inda yoyon yake.

Ɓarnar ba a asarar mai ta tsaya ba. In ya gangara kan bakin salansa, inda ya fi ko'ina zafi, sai ƙauri da hayaƙi su cika gidan gaba, kuma wannan hanya ce ta gobara a motar da ke ɗauke da buhuna da jarkokin fetur. A injin 504 filogi cikin rijiyoyi suke, waɗanda suka ratsa ta cikin murfin, kowace da zobenta na roba. In zoben ya mutu sai rijiyar ta tara mai, mota ta riƙa tsallaken wuta, a yi ta sauya filogi a banza. Baƙin mai na kumbura tiyon ruwa, yana sa fanbel santsi, yana ruɓar da robar da inji ke zaune a kai, yana shiga altaneta. A injunan gas irin 3L da 5L, waɗanda bel ne ke juya musu taimin ba kaca ba, man da ya sami hanyar kaiwa ga bel ɗin zai rage masa kwana, bel ɗin kuwa in ya tsinke ana tafiya, fistan da bawul ne za su yi karo.

Magunguna uku da ke ƙara ciwo

Na farko shi ne sifana. Direba ya tsaya a gareji a gaggauce, ya ce da oga a ɗan ƙara ɗaure masa saman nan, oga ya turo yaro. Yaro kuwa abin da ya sani shi ne noti mai kyau shi ne wanda ya ƙi motsi. Notin murfin nan ƙanana ne, ƙarfin da masu ƙera injin suka ƙayyade musu ɗan kaɗan ne in aka kwatanta da ƙarfin notin taya. In murfin na falange ne, matsin kan lotsa bakin kowane rami, tsakanin rami da rami kuma ya ɗaga, kamar murfin kwanon da aka taka: ko ka mayar da shi bakin kwanon ba zai sake zama daram ba. In na alminiyam ne, tsagewa yake yi, ko zaren notin ya cinye a cikin kan inji. Ita kuwa gaskit ɗin sai ta matse ta fashe, ko ta zame ta leƙo waje. Yoyon kan tsaya kwana biyu, ya dawo fiye da da.

Na biyu shi ne gam, kuma shi ya fi kisa. Silikon ɗin da ake sayarwa a bututu yana da amfaninsa, amma a garejoji da yawa ya zama maganin kowace cuta. A cire murfi, a lafta shi sama da ƙasa a kan tsohuwar gaskit mai maiƙo, a ɗaure, a tayar da mota nan take. Silikon ba ya kama wuri mai maiƙo, wannan ɗaya. Na biyu, duk abin da ka ga ya tsartso waje in an ɗaure, kwatankwacinsa ya tsartsa ciki. Zafi da mai za su ɓantare shi zare-zare, ya bi ramukan komawar mai ya sauka kasko. A can bakin famfon mai akwai rariya, nan zai je ya taru. Rariya ta toshe, mai ya ragu a wajen metal da karanshaf, wata rana ana hawan gangare da lodi sai a ji ƙwanƙwasa. Duk bakaniken da ya daɗe yana sauke kasko ya sha ciro jajaye ko baƙaƙen zaren nan daga rariya. Abin takaicin shi ne ba a cika danganta bugun injin da gam ɗin da aka shafa watanni baya ba, sai a ɗora wa tsufa laifi. Wasu ma silikon ɗin masu haɗa tagogin gilashi suke samowa saboda araha, wanda ba a yi shi don zafi da baƙin mai ba.

Na uku shi ne galan ɗin bayan kujera. Ƙarin mai ba laifi ba ne, ya fi barin inji ya bushe. Laifin yana wajen irin man da ake ƙarawa, da kuma abin da ƙarin ke jawowa. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, darajar naira kuma ta faɗi, komai na mota ya yi tsada, har da baƙin mai na gwangwani. Wanda ya san man zuba zai yi a ƙasa ba zai sayi mai kyau ba. Sai ya koma ga na kwalba da ake aunawa a bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba, irin wanda hukumar SON ta daɗe tana gargaɗi a kansa, wani ma har kwandam da aka juye daga wata motar. Daga nan sai wata fatawa ta shigo, wai tun da kullum ana ƙara sabo, ba sai an yi juye ba. To ai dattin ba ya bin yoyon ya fita, a ciki yake taruwa, matatar mai kuma tana nan ba a sauya ta ba.

Me ya sa ake yin haka, alhali kuɗin galan biyu ko uku ya isa sayen gaskit? A ganina amsar tana cikin yadda ake raba kuɗin mota. Yawancin direbobin nan ba su ne masu motocin ba. Direba na kawo wa Alhaji balas, kuɗin ƙarin mai daga cinikin yini yake fita ba wanda ya tambaya, amma gyara sai an je an nemi izini, kuma ranar da mota ta wuni a gareji ranar ce direba da yaronsa ba su sami na cefane ba. Shi kuma mai mota muddin balas na zuwa, a wajensa mota lafiya ƙalau take. Bakanike na tsakiya, ya san daidai, amma in ya ce a bar motar ta kwana, direban zai wuce garejin gaba inda za a shafa masa gam cikin rabin awa. Kowa ya yi abin da ya fi masa sauƙi a ranar, har ran da za a kira Alhaji a ce masa ana neman kuɗin inji ɗan Baljiyam.

Akwai kuma wani lissafin da a da ba ya ciki. Tun bayan harin da aka kai Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a ranar 17 ga Yuni 2021, ba direban da ke son magariba ta riske shi tsaye a daji da buɗaɗɗen bonet da fasinjoji a baya. Mutuwar inji a hanya ta wuce maganar asarar albasa.

Yadda aikin yake in za a yi shi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan aiki na ranar da ba kasuwa ne, kuma ba da sifana yake farawa ba, da wanki yake farawa. A wanke inji fes, a kare distibuto da altaneta daga ruwa, a bar shi ya bushe, sannan a tayar a zuba ido. Mai daga sama yake gangarowa, iskar fanka kuma na kora shi baya, don haka wurin da ya fi jiƙewa ba lallai shi ne mafarin ba; wuri mafi tsawo da ya jiƙe shi ake nema. Wasu kan barbaɗa hoda ko toka mai laushi a gefen murfin don sawun ya fito sarai. Wannan mataki na ceton kuɗi, domin sau tari ba gaskit ɗin ba ce. Yana iya zama robar marfin zuba mai, ko zoben distibuto, ko makunnin fitilar mai, ko sil ɗin gaba. A tsofaffin Hilux masu gas akwai famfon iskar birki a bayan altaneta wanda tiyon mai ke shiga, shi ma yakan yi yoyo a ɗora wa murfi laifi.

In ta tabbata murfin ne, a share datti daga kewayensa kafin a kwance, kada ya zube cikin bawuloli. In ya ƙi ɗagowa, a bubbuga shi da hannu ko katako. Cusa sukundireba tsakaninsa da kan inji na barin tabon da ba gaskit ɗin da za ta toshe. A kankare tsohuwar gaskit da tsohon gam gaba ɗaya, da abin da ba zai karce alminiyam ba, a toshe ramukan mai da tsumma mai tsabta har a gama, a kuma tuna a cire tsumman. A goge fuskokin biyu da fetur har farin tsumma ya fito ba maiƙo. A nan rabin aikin yake, kuma nan ne ake gajen haƙuri.

Sai a duba murfin kansa. A ɗora shi kan gilashi ko wani abu shimfiɗaɗɗe, a leƙa ko haske na ratsawa. In na falange ne kuma bakin ramukan ya lotsa, a kifa shi kan katako a miƙar da su da ƙaramar guduma a hankali. In ya tsage ko ya murɗe, murfi ɗan gwanjo ya fi gam.

Tun da an buɗe, hankali ne a ci moriyar buɗewar. A 504 da 22R ana saita tafet da sukuru. Na 22R da zafinsa ake saita shi, ratar milimita 0.20 a bawul na shiga, 0.30 a na fita, saboda haka sai a fara da shi da zarar an ɗaga murfin, inji ya huce ana wankin. A 22R ɗin dai, in aka haska tocila ta gaba ana iya ganin ko robar da kacar taimin ke bi ta karye, ciwon da ya zama ruwan dare a injin. Cikin murfin ma labari ne: in ya yi baƙin kitse mai kauri, ba sai an tambayi direba yaushe rabonsa da juye ba.

Sabuwar gaskit ta roba a bushe ake kwantar da ita cikin kwarminta. Gam yana da gurbi, amma ɗigo ne ba shafe ba, a kusurwoyi da inda ƙarfe biyu suka haɗu suka bar tsagi. A 22R akwai wasu robobi biyu masu siffar rabin wata, ɗaya gaba ɗaya baya, da 'yan robobin da ke ƙarƙashin notin sama. Su ma sauya su ake yi, a ɗiga gam a gefunan rabin watan. Wanda ya sa sabuwar gaskit ya bar tsohon rabin wata na baya, wanda ido ba ya gani sosai, zai dawo yana rantsuwa an sayar masa da jabu. Ta ɓawo kuwa ana iya ɗan manna ta a jikin murfin kawai don kada ta zame. Sai a ɗora murfin, a kama dukan notin da yatsu tukuna, sannan a bi su da ƙaramar sifana daga tsakiya zuwa gefe, ana tsallakawa hagu da dama, zagaye biyu ko uku. Sifana mai awon ƙarfi ba kowane gareji ke da ita ba. In babu, a riƙe ƙaramar kusa da kanta, da noti ya zauna a tsaya. A ba gam lokacin da aka rubuta a jikin bututunsa kafin a tayar. Bayan tafiyar kwana ɗaya ko biyu a sake dubawa, musamman in ta ɓawo ce, domin takan ɗan kwanta.

In inji ba ya numfashi

Akwai motar da za a yi wa duk wannan bisa ƙa'ida, mako guda yoyon ya dawo. A nan ake gane bakanike na gaske. Kowane inji na tsartar da ɗan hayaƙi ta gefen ringi zuwa cikin kasko, shi ya sa aka yi masa bututun numfashi daga murfin nan zuwa hanyar shan iska, a wasu injunan har da ɗan bawul. In bututun ya toshe da kitse, ko wani ya toshe shi da kusa ko guntun itace don ya ga yana jiƙa matatar iska da mai, hayaƙin zai nemi mafita, ya tura mai ta duk inda ya fi rauni. Wanke bututun nan aikin minti goma ne, amma shi aka fi mantawa.

In kuwa bututun a buɗe yake, gwajin mai sauƙi ne. A bar inji na aiki a sulo, a kwance marfin zuba mai. In hayaƙi na bugowa fuf-fuf har marfin na rawa, ringi sun gaji. Wannan injin ba sabuwar gaskit yake nema ba, kuma gaskiya ce bakanike ya gaya wa mai shi haka tun kafin ya karɓi kuɗi.

Wani ruɗanin da ke cin kuɗin masu mota shi ne haɗa wannan gaskit da wadda ke ƙasa da ita, tsakanin kan inji da gangar jikinsa, wadda ake kira tof-gaskit. Waccan babban aiki ce, sai an sauke kan inji, wani lokaci a kai shi wajen masu sassabe. Alamunta daban ne: mota na shan ruwa, tana zafi, lagireto na kumfa, salansa na fitar da farin tururi, mai ya koma ruwan madara. In babu ko ɗaya cikin waɗannan, mai ne kawai ke gangarowa daga gefen murfi, to duk wanda ya ce sai an sauke tof, a nemi ra'ayin wani. Akasin haka ma na faruwa, a yi ta fama da murfi alhali ciwon na ƙasa.

Batun ingancin kaya ba a bakin bakanike kaɗai yake ba. Shagunan kayan gyara na Yelwa daga manyan kasuwanni suke sarowa, irin Ladipo a Legas da Nnewi da Ƙofar Ruwa a Kano da Fanteka a Kaduna, kuma kusan kowane kaya hawa-hawa ne, akwai na gaske akwai mai kama da shi. Roba mai kyau in ka lanƙwasa ta za ta koma yadda take, ba ta farfashewa, ramukanta na faɗawa daidai ba sai an ja ta ba. Wadda ta daɗe a rataye a rana kuwa ta tsufa tun kafin a saye ta. A ƙauye in ta ɓaci, kanikawa kan yanka gaskit daga kwali ko tsohon tub ɗin taya. Dabara ce ta kai mota gari, amma robar tub ba ta jure baƙin mai, kumbura take yi ta yi laushi, kwali kuma ya jiƙe.

Ragowar man da ke zuba kuma ba ɓacewa yake yi ba. A mashigun ruwa, inda ake lodi ake kuma wanke motoci, ruwan farko na damina ke kwashe shi ya kai tafki, wurin da mata ke wanki, shanu ke sha, 'ya'yan kifi ke kiwo a gaɓa. Man da ya gama aiki a inji na ɗauke da ƙarafa da dafin ƙuna, ba abin da za a so a jikin kifin da za a kai Yelwa a sayar ba ne, ba kuma abin da yaran gareji za su wuni da shi a fata ba. Shugabannin tashoshi na ƙungiyar NURTW da na ƙungiyar kanikawa ta NATA suna da bakin faɗa a ji a nan: su hana wankin inji a bakin ruwa, su tanadi duro ɗaya na tara kwandam a kowane gareji.

Maganar dai ta fi komawa kan mai mota, domin shi zai biya kuɗin inji in ya buga. Alhaji, in direbanka ya fara yawo da galan, ka yafe masa balas ɗin rana guda da ba kasuwa, ka sayi gaskit ɗin da kanka tare da duk ƙananan robobinta, ka tsaya a gareji har a ɗaure murfin. Kafin ka biya, ka ce a nuna maka bututun numfashi a wanke, ka kuma duba nawa aka taɓa a cikin bututun gam.